Famfon Ruwa na Aisin a Injin Corolla: Ra'ayin Wanda Ya Ɗaura da Hannunsa

Famfon ruwa na Aisin da ake ɗaura wa injin 1ZZ-FE, wato injin nan mai lita 1.8 da Toyota ta sanya wa Corolla tun daga 1998 har zuwa wajajen 2008, yana cikin 'yan kayan gyaran da zan iya ce wa mai mota ya saya ya ɗaura da kansa a gida, matuƙar yana da natsuwa da kayan aikin da suka dace. Na ɗaura shi a motata, kuma tun daga lokacin allurar zafi ba ta gota daga inda ta saba tsayawa ba, ƙasan motar kuma a bushe yake. Sai dai yabon da zan yi masa yana da sharuɗɗa, domin kyan famfo kaɗai ba ya hana yoyo, kuma ba kowace mota ce aikinta ya dace da gida ba.

Aisin kamfanin Japan ne mai hedikwata a birnin Kariya da ke lardin Aichi, an kafa shi a 1965, kuma yana cikin rukunin kamfanonin Toyota. Shi ke ƙera famfunan ruwa na motocin Toyota da dama tun daga masana'anta, saboda haka wanda ya sayi famfonsa bai yi nisa da abin da motar ta zo da shi ba. Amfanin wannan dangantaka ya bayyana ne a lokacin da na ajiye tsohon famfon kusa da sabon: ramukan kusoshi shida sun yi daidai da juna, kaurin gangar jikin ɗaya ne, fulin da fanbel ke bi ta kansa kuma faɗinsa bai bambanta ba. Wanda ya taɓa fama da kayan gyaran da sai an goge gefe ko an faɗaɗa rami kafin ya zauna, ya san darajar abin da ya shiga gurbinsa ba tare da an tilasta masa ba.

Kafin a kai ga saye, ya kamata a tabbatar cewa famfon ne ke da matsala, domin ruwan lagireto yana iya zuba ta tiyo, ko ta bakin lagireto, ko ta gidan tamostat (wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi), kuma duk suna iya jiƙa wuri ɗaya. Aikin famfon shi ne ya riƙa zagaya da ruwa tsakanin injin da lagireto ta hanyar wata 'yar farfela da ke juyawa a cikinsa, sandar da ke juya farfelar tana kan boris, tsakanin boris da ruwan kuma akwai sil da ke hana ruwa wucewa. Masu ƙera famfo sukan bar wata 'yar ƙaramar kafa a jikinsa da gangan, ta yadda idan sil ya fara gajiya ruwan zai fita ta nan maimakon ya shiga cikin boris. A nawa tsohon famfon, ƙasan wannan kafa ya yi ɓawon ruwan hoda mai kauri, busasshe, da wani layi da ya gangara har jikin murfin sarƙar tamin (sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na injin), kuma da na cire fanbel na kama fulin na girgiza shi sai na ji yana ɗan motsi gefe da gefe, yana gurza idan an juya shi. Ɗan ɗigon da ya bushe a bakin kafar ba lallai ne ya zama lalacewa ba, amma idan ɓawon ya yi yawa, ruwa yana raguwa a tankin ajiya, ga kuma motsi ko ƙara a fulin, to famfon ya gama aikinsa.

Sabon famfon da na ɗauko daga kwali ya burge ni tun kafin in ɗaura shi. Fuskarsa da ke haɗuwa da injin a goge take sumul, babu tabo ko ƙaiƙayin ƙarfe a gefenta, kuma idan aka juya fulin da hannu ana jin wani ɗan tauri mai santsi, ba ya gudu sakaka kuma ba ya cijewa. Wannan tauri alama ce ta sabon sil da ke riƙe da sandar, bai kamata ya tayar wa kowa da hankali ba. Ba na son a yi ta juya shi a bushe don gwaji, domin ruwan lagireto ne ke sanyaya fuskar sil ɗin yana kuma sa ta santsi, juyi ɗaya ko biyu ya isa. Zoben roba da ke toshe tsakanin famfon da injin ya zo tare da shi, kuma ya zauna a cikin kwarminsa daram. Ina ba da shawarar a sayi famfon daga wurin da aka amince da shi, a duba kwali da tambarin da ke jikin ƙarfen, domin duk kayan da ya yi suna ba ya rasa masu kwaikwayonsa, kuma jabun famfo daga waje yana iya kama da na gaske har sai ya yi 'yan watanni a mota.

Dalilin da ya sa na ce wannan aikin ya dace da gida shi ne yadda aka tsara injin. A 1ZZ-FE sarƙa ce ke juya tamin, famfon ruwan kuma yana waje, fanbel ɗin da ke juya altaneta ne ke juya shi, don haka babu abin da zai sa a taɓa tamin. A bari injin ya huce sarai, a cire wayar batir ta negatif, a buɗe magudanar da ke ƙasan lagireto a tari ruwan a cikin mazubi mai faɗi. Daga nan sai a ɗaga gaban motar ta gefen da fanbel yake, a tokare ta da ƙafar ƙarfe mai ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne ga wanda zai sa kansa ko hannunsa a ƙarƙashin mota. Cire tayar wannan gefen da robar da ke kare ƙasan injin yana buɗe hanya sosai. Ana sassauta fanbel ne ta hanyar danna abin da ke ɗame shi da doguwar sufana mai lamba 19, a hankali, saboda mai ne a cikinsa kuma ba ya son fizga. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda fanbel ya bi ta kan fulaye kafin a cire shi, kuma cire altaneta yana sa hannu ya isa kusoshin sama cikin sauƙi.

Inda aikin yake da muhimmanci ƙwarai shi ne wajen kusoshin nan shida, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan masu zargin sabon famfo da yoyo suke samun matsala. Kusoshin ba tsayinsu ɗaya ba, akwai gajeru akwai dogaye, kuma kowane yana da raminsa. Hanya mafi sauƙi ita ce duk kusar da aka kwance a saka ta nan take a ramin da ya yi daidai da nata a jikin sabon famfon da ke ajiye a gefe, ta haka ba za a rikita su ba. Idan doguwa ta shiga ramin gajeriya, za ta tokare ƙasa kafin ta matse famfon, mutum ya ji ta yi tauri ya ɗauka ta ɗauru alhali akwai rata. Idan kuma gajeriya ta shiga ramin doguwa, zare kaɗan za ta kama, kuma tana iya zare shi. Ƙarfin ɗaurinsu kaɗan ne ƙwarai, tsakanin Newton-mita 9 zuwa 11 gwargwadon tsayin kusar, kuma cikin alminiyam suke shiga, ƙarfe mai taushi wanda ba ya jure wuce gona da iri. Hannun da ya saba ɗaure notin taya, wanda ƙarfinsa ya ninka wannan kusan sau goma, zai iya lalata zaren cikin juyi ɗaya. Saboda haka ina ganin sufana mai auna ƙarfin ɗauri wajibi ce a wannan aiki, ƙarama wadda ke iya auna ƙasa da Newton-mita 20, kuma wanda ba shi da ita gara ya aro ko ya jinkirta aikin. A fara shigar da duka kusoshin da yatsu har su zauna, sannan a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, don famfon ya kwanta daidai a kan zoben.

Shi kuwa zoben roba, fuskar da zai kwanta a kai tana buƙatar tsafta ta gaske. A goge tsohon ɓawo da tsumma da abin kankara na roba, kada a sa wuƙa ko sukuddireba, domin ƙaramin zane a jikin alminiyam ya isa ya zama hanyar ruwa. Kada a sake amfani da tsohon zoben ko da ya yi kama da mai lafiya, zafi ya riga ya baje shi. Ba na goyon bayan shafa gam a kansa, duk da cewa mutane da yawa suna yi don neman ƙarin tabbaci. An tsara zoben ne ya toshe da kansa idan an matse shi, gam ɗin da ya yi yawa kuma yakan tsinke ya bi ruwa ya je ya maƙale a ƙananan bututun lagireto ko na hita. Ɗan jiƙa zoben da sabon ruwan lagireto ya wadatar.

Akwai abubuwan da mai saye zai tanada da kansa, domin famfo da zobensa ba su ne dukan aikin ba. Na farko shi ne ruwan lagireto, wanda wannan injin ke ɗaukar kimanin lita shida da rabi. Toyota tana da nata mai ruwan hoda da ke zuwa a haɗe, wanda ta ƙayyade a canza shi karon farko bayan kilomita 160,000, daga nan kuma duk bayan kilomita 80,000, akwai kuma ja na da wanda ake sirkawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Zuba zallan ruwan famfo ko na rijiya shi ne hanya mafi sauri ta kashe sabon famfo, saboda yana kawo tsatsa da gishirin da ke cin fuskar sil, sannan ba shi da sinadaran da ke kare alminiyam. Haɗin rabi da rabi yana tafasa ne a wajen digiri 108 a ma'aunin Salshiyas, kuma murfin lagireto mai lafiya, ta hanyar riƙe matsi, yana ƙara ɗaga wannan iyaka, don haka murfin ma ya cancanci a duba robarsa. Idan fanbel ya tsattsage ko ruwa ya jiƙa shi, lokacin canza shi ke nan tunda an riga an cire shi. Tamostat ma, wanda a wannan injin yake fara buɗewa a wajen digiri 82, yana da kyau a sabunta shi tun ruwan yana waje idan ya daɗe. Tsohon ruwan da aka tara kuma guba ne, sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da ɗan zaƙi kuma yana lalata ƙoda, saboda haka a zuba shi a jarka mai murfi, a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada a malalar da shi a ƙasa.

Bayan an mayar da komai, sauran fitar da iska. Iskar da ta maƙale a cikin injin tana hana ruwa zagayawa, kuma tana iya sa allura ta hau ko da famfon sabo ne fil. A zuba ruwa a hankali ta bakin lagireto, ana matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu, a juya hita zuwa ƙarshen zafi, a tayar da injin a bar shi yana aiki ba tare da murfi ba, ana ƙara ruwa duk lokacin da ya sauka. Za a ga kumfa yana fitowa, can kuma idan tamostat ya buɗe ruwan zai sauka gaba ɗaya, tiyon ƙasa ya ɗauki zafi. Idan fankar lagireto ta tashi ta tsaya, hita kuma tana busa iska mai zafi, an kusa gamawa. A rufe murfi, a cika tankin ajiya zuwa layinsa, a ɗan zagaya da motar, sannan a sake duba ruwan bayan injin ya yi sanyi, domin yakan ɗan ragu a 'yan kwanakin farko. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, ruwan yana cikin matsi kuma ƙunarsa mai tsanani ce.

A kan hanya, abin da na lura da shi shi ne wata gurza da a da take fitowa daga gefen fanbel da safe ta ɓace gaba ɗaya, kuma ko a cikin cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne, allurar tana nan ƙasa da rabi kaɗan. Nakan leƙa ƙasan famfon da tocila lokaci zuwa lokaci, ban ga ɗigo ba.

Wanda motarsa ke da injin da bel ɗin tamin ke juya famfon ruwansa, irin Camry mai lita 2.2 ta shekarun 1990 ko tsofaffin Accord da Civic masu bel, lissafinsa daban ne. A can sai an kwance fulin karanshaf, an cire murfin tamin, an daidaita alamomi kafin a isa famfon, kuma a wasu injinan kuskuren haƙori kaɗan a tamin yana iya sa fistin ya bugi bawul. Irin wannan aiki ana haɗa shi ne da canjin bel ɗin tamin da fulayensa a lokaci ɗaya, kuma wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa ƙwararren bakanike ko ya yi shi a gabansa. Haka nan motar da ta riga ta yi obahitin mai tsanani, wato zafin injin ya wuce kima, tana fitar da farin hayaƙi ko man injinta ya koma kamar madara, matsalarta ta wuce famfo, gasket ɗin kan silinda ne ake zargi, kuma sabon famfo ba zai warkar da ita ba. Amma ga mai Corolla, ko Matrix, ko Avensis mai wannan injin na 1ZZ-FE, wanda ya ga ɓawo a bakin kafar famfonsa tun allura ba ta fara hawa ba, ina ba shi shawarar ya sayi famfon Aisin, ya haɗa da ruwan da ya dace da ƙaramar sufana mai awo, ya ware yini guda da ba shi da gaggawar fita da motar.