Manhajar Burauza Ko Ta Android: Wacce Ta Fi Shiga Cikin Waya?

Wani dillalin masara a kasuwar Tudun Hatsi, nan Gombe, ya ce in yi masa manhajar da za ta ɗauki hoton buhuna ta kuma buga rasit. Hanya biyu ce a gabana.

Ta burauza ba ta da wahalar rabawa. Ka tura wa yaran shago adireshi a WhatsApp, shi ke nan, ba ta cin wuri ko a ƙaramar itel. Tana buɗe kyamara, tana gane wurin da mutum yake, muddin shafin na kan HTTPS, wato adireshi mai tsaro, kuma mai wayar ya yarda. Amma da aka zo kan na'urar buga rasit sai ta cije. A lokacin, Chrome na waya yana magana ne da Bluetooth mai ƙaramin ƙarfi kaɗai, ita kuwa na'urar Alhaji dillalin tsohon samfurin Bluetooth take ji. Safari na iPhone ma bai san zancen ba.

Ta Android kuwa, wadda aka rubuta da Kotlin, harshen rubuta manhaja, kai tsaye take shiga: Bluetooth iri biyun, zanen yatsa, har sanin layin da ke cikin wayar. Tun Android 6 na 2015 dai dole ta nemi izini lokacin da take aiki, kuma sai ka yi fama da Tecno da Infinix masu kashe manhaja a ɓoye don tanadin caji. Ga dala 25 na rajistar Play Store.

Kotlin na zaɓa. Alhaji ya ce in dai rasit bai fito a hannun mai saye ba, ba a yi ciniki ba.