Tsarabar Wales: wiski ne ya cika shaguna, amma ga abin da ni zan ce ku saya

Duk ɗan Arewan da karatu ko aiki ya kawo shi kudancin Wales, Kadif ne ko Swansea ko Newport, da zarar lokacin leƙa gida ya matso tambayar ɗaya ce, me zan riƙa wa mutane wanda ba irin tarkacen Landan ba ne. To amsar da shagunan tsaraba za su ba ka tun daga bakin ƙofa ita ce wiski, kwalabe a jere an haska musu fitila, ga hoton mahaƙa kwal da hular kwano fuska baƙi ƙirin an kafa a bayansu, wanda bai sani ba sai ya rantse da shi mutanen nan suke karya kumallo kafin su shiga rami. Ni ba na sha, na kuma san mafi yawanku ba kwa sha, amma dole a yi maganarsa don ya kutsa cikin kayan ciye-ciyen da za ku saya fiye da yadda kuke zato.

Wanda ya fi suna shi ne Penderyn, sunan wani ƙauye ne a gindin tsaunukan Brecon Beacons kusa da Aberdare. A 2000 suka fara dafawa, kwalbar farko ta fito ranar 1 ga Maris 2004, kafin nan Wales ta yi wajen shekara ɗari ba ta da wiskinta tun da masana'antar Frongoch ta can arewa ta mutu. A gangar katako da aka taɓa ajiye barasar Amurka suke tsuma shi, sannan su juye shi a gangar giyar Madeira ya ƙarasa, a jikin kwalbar kuma akwai wani zane mai ruwan zinare da ke nuni da jijiyar zinaren ƙasar. A 2023 sun buɗe reshe a Swansea cikin tsohuwar masana'antar narka jan ƙarfe ta Hafod-Morfa, wato dai suna ta raɓar tarihin haƙar ma'adinai iya ƙarfinsu. Kuma ba ƙarya suke ba ta fuskar wuri, don ramin Tower, wanda shi ne babban ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Wales, wanda ma'aikatansa suka haɗa kuɗin sallamarsu suka saye shi suka ci gaba da haƙa daga 1995 har 2008, yana nan kusa da su ta wajen Hirwaun.

Amma fa a faɗi gaskiya, alaƙar ta maƙwabtaka ce kawai. Lokacin da kwal ke tashe, a 1913 da kudancin Wales ya haƙo kusan tan miliyan 57, babu wannan wiskin ma a duniya. Mahaƙi shayi mai sanyi yake zubawa a gorar ƙarfe ya shiga rami da shi, in ya fito mai sha ya sha giyar talakawa a kulob ɗin ma'aikata, majami'un yankin kuma yaƙi suke da barasa ba kaɗan ba, su suka matsa har aka yi dokar 1881 da ta rufe mashaya ranar Lahadi a duk Wales. Akwai wasu irin su Aber Falls a arewa, su ko raɓar kwal ɗin ma ba su yi ba. 'Yan uwanmu da addininsu bai hana su ba, in za ku saya ku duba an rubuta Single Malt Welsh Whisky, suna ne da gwamnatin Birtaniya ta ba kariya a 2023, kuma duk abin da bai shekara 3 a ganga ba ba a yarda a kira shi wiski ba. Wanda kuma jirginsa a Kano zai sauka ba sai na yi masa bayanin Hisba ba.

Ni abin da nake so, kuma ba zan ɓoye ba, cukun Caerphilly ne. Wannan shi ne abincin ramin na ainihi, ba wanda aka liƙa wa hoto daga baya ba. Caerphilly gari ne arewa da Kadif kaɗan, matan manoman kewayensa ne suke yin cukun da rarar madara suna sayar wa iyalan mahaƙa, kuma duk yadda aka yi shi kamar da mutumin rami aka shawarta. Yana da gishiri, mutumin da ya wuni yana zufa a ƙarƙashin ƙasa gishiri jikinsa ke nema. Ba ya bushewa da wuri. Sannan ga ɓawo mai kauri, mutum hannunsa dumu-dumu da baƙin kwal ba ruwan wankewa, sai ya kama ta ɓawon ya ci cikin. In ka samu na kirki ka yanka za ka ga launi hawa-hawa, can tsakiya fari tas yana ɗan marmashewa da ɗan tsami-tsami irin na kindirmon da ya kwana, sai wajen ɓawon ya yi laushi ya koma ruwan ƙwai yana neman narkewa, ɓawon kansa kuma toka-toka mai ƙanshin ƙasa. Wallahi da burodi mai zafi da shayi kawai ya ishe ka, in ko ka marmasa shi kan wainar ƙwai da albasa da attaruhu to ranar ba mai jin kanka. Mutanenmu da yawa cukun Turawa na hawa musu kai saboda wari da maiƙo, wannan kam ban taɓa miƙa wa wani ya yamutsa fuska ba.

Sai dai a kula, lokacin yaƙin duniya na biyu an tsayar da yin sa aka karkata madarar ƙasar zuwa yin cukun cheddar, da aka dawo kuma sai manyan masana'antu suka karɓe sunan, shi ya sa wanda za ka gani a babban kanti an yanka shi murabba'i cikin leda ba ɓawo, fari fat mai tsami kawai, sunan ne ɗaya amma ba shi ba ne. Ka nemi mai ɓawo wanda aka yanko daga ƙulli, ko wanda aka rubuta Traditional Welsh Caerphilly, shi ma suna ne mai kariya tun 2018. Caws Cenarth na yammacin Wales suna yin na gargajiyar. Kuma ka duba an ce ya dace da masu cin ganyayyaki zalla, don wani cukun da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, mu kuma ba mu san wa ya yanka ba.

Na biyu a wajena cheddar ɗin da ake kira Pwll Mawr, wanda ake saukar da shi ƙasan ramin Big Pit a Blaenavon ya nuna a can. Ramin ya daina aiki a 1980 aka mayar da shi gidan tarihi a 1983, ana zura mutane mita 90 ƙasa da hular kwano da fitila, a karɓe maka waya da agogo da duk abin da ke da batir kafin ka shiga kejin da ke sauka da mutane. Wanda ya taso Bukuru ko Barikin Ladi cikin kududdufan kuza zai ji wani iri in ya ga yadda su suka adana nasu ramin. Cukun yana da ƙarfi a baki, an lulluɓe shi da kakin zuma mai launi don haka ya fi Caerphilly jure tafiya. A arewa ma akwai wanda ake ajiyewa a kogunan dutsen allo na Llechwedd, ba laifi, amma dai cheddar cheddar ne.

To a nan ne zan ja kunne sosai, don an taɓa yi min. Wata kasuwar Kirsimeti na tsaya gun wata mai haɗa kwandon tsaraba, na ce mata ƙarara ban son barasa ban son alade, ta yi murmushi ta ce kar in damu, ta naɗe kwando da zare mai kyau na biya kuɗi masu kauri. Sai da aka kwance a gida ana karanta ƙananan rubutun nan na baya aka ga alawar madara da wiski, jam ɗin lemo da wiski, cuku ɗaya da giya, kusan rabin kwandon maƙwabci ya tafi da shi. Ba wai mugunta ce ta yi ba a ganinta, su in ka ce barasa kwalba suke nufi, wanda aka zuba a abinci ɗanɗano ne kawai. Kuma abin haushin, dokar lakabin abinci a nan abubuwa 14 masu tayar da borin jini ta ce a rubuta da baƙi mai kauri, irin su madara da gyaɗa da ƙwai, barasa da kitsen alade ba sa ciki, suna nan a ɓoye tsakiyar layi da rubutu ƙanana sai ka ƙura ido. Kalmomin da za ku farauta su ne whisky, ale, beer, brandy, rum, port, cider da kuma lard, wato kitsen alade. Cukun Y Fenni da giya ake cuɗa shi, Amber Mist na kamfanin Snowdonia da wiski, su ba su ɓoye ba yana rubuce, amma launin kakin ne ke jan ido mutum ya jefa a kwando bai karanta ba. Burodin nan mai zabibi da suke kira bara brith asalinsa a shayi ake jiƙa zabibin, amma yanzu masu son burgewa wiski suke ƙarawa. Abin da ake sayarwa a buɗe a kasuwa kuwa ba takarda a jikinsa sam, sai ka tambaya, kuma kar ka ce akwai barasa a ciki, ka ce me da me aka zuba, ka bar su su lissafo da bakinsu.

Ƙananan kek ɗin nan na Wales da ake gasawa a kan farantin ƙarfe, su ma guzurin rami ne don suna shiga aljihu, masu zafi a kasuwar Kadif daɗi kamar me, sai dai girkin gargajiyar rabi man shanu ne rabi kitsen alade, kuma ba sa wuce mako, don haka na ci a nan ne ba na jaka ba. Ciyawar tekun da suke dafawa baƙa ƙirin su ci da safe kuwa, ku bar wa masu ita.

In abin ajiyewa kake so ba na ci ba, fitilar mahaƙa ce, kuma a nan ne 'yan damfara suka fi yin sansani. Fitilar asali ba ado ba ce, tun ƙirar masanin kimiyya Humphry Davy ta 1815 dabarar ita ce ragar waya da ke kewaye harshen wuta ta hana shi kunna iskar gas ɗin ramin, in gas ya taru kuma sai wani shuɗin haske ya hau kan harshen mahaƙi ya gane akwai matsala. A Senghenydd, nan kusa da Caerphilly, fashewar gas ta kashe mahaƙa 439 a rana ɗaya a 1913, don haka mutanen nan ba sa wasa da zancen. Kamfanin E. Thomas & Williams na Aberdare tun 1860 suke ƙera ta. Amma a kasuwannin gwanjo da intanet an cika su da na bogi da aka ƙero a waje, sai a goga musu baƙi su yi kamar sun tsufa, a manna ɗan faranti mai sunan wani rami da lamba a ce ta kakan wani ce. Ɗaga ta ka ji, ta gaske tana da nauyi, gilashinta kauri gare shi, ka leƙa sama ka ga raga ta gaske yawanci biyu wata cikin wata, akwai kuma makulli a gindi don ba a yarda mahaƙi ya buɗe ta a cikin rami ba. In ka ga ba raga ba makulli, farantin sunan kuma sabo fil alhali jikin ya tsufa, ajiye musu kayansu. Haka 'yan kwabban tagullan nan masu lamba da mahaƙi ke bayarwa a ba shi fitila, su ma ana buga sababbi buhu-buhu. Sabuwar fitila ta kwaikwayo ba laifi ba ce in an faɗa maka sabuwa ce an kuma yi maka kuɗin sabuwa. Wadda aka taɓa zuba wa mai kuma ka tambayi kamfanin jirginka tukuna, warin mai kaɗai ya isa a fitar da ita daga jaka.

Hajiyoyi kuma ga naku, zinaren Wales. Gaskiya ne da shi ake yi wa gidan sarautar Ingila zoben aure tun 1923, amma ramukan wajen Dolgellau irin su Clogau da Gwynfynydd sun daina aiki sosai tun ƙarshen shekarun 1990, abin da ya rage kaɗan ne, don haka yawancin abin da ake sayarwa ɗan ɗigo ne aka gauraya da zinaren wasu wurare. Ku juya zoben ku duba hatimi, 375 karat 9 ke nan, 750 karat 18, 916 shi ne 22. Mafi yawan na shagunan tsaraba 375 ne, ranar da kika kai shi kasuwa a Kano ma'auni za a ɗora shi a gwada karat, ba mai biyan ko sisi don labarin rami.

Cukun kuma a ce mai shago ya zuƙe masa iska ya like ledar, a saya ana gobe tafiya, a cusa shi tsakiyar kaya a jakar da za a auna, ana isa gida kuma a cinye Caerphilly ɗin da wuri kar a dogara da firjin da wuta ke zuwa masa sa'i-sa'i, mai kakin shi zai iya jira.