Kwana uku ni kaɗai da Deutschlandticket, daga Augsburg zuwa tafkin Königssee

Hutun kwana uku ne ya rage min a wurin aiki, kuma duk wanda na yi wa maganar tafiya sai ya kawo uzuri, wannan matarsa ta kusa haihuwa, wancan jarrabawa ta taso shi gaba, ni kuma na gaji da kallon bangon ɗaki a Augsburg ta ƙasar Jamus. Mota ba ni da ita, lasisin ma ban gama ba. Na yi kusan sati biyu ina buɗe taswira ina rufewa, yau Paris gobe Prague jibi Amsterdam, duk wanda na haɗa kuɗin jirgi da na masauki sai jikina ya yi sanyi. Ƙarshe dai na juya lissafin, na ce bari in fara sayen tikiti tukuna sannan in ga iya inda zai kai ni.

Deutschlandticket na saya, Yuro 58 a watan Oktoban 2025. Da aka fara shi a Mayun 2023 Yuro 49 ne, ya hau a farkon 2025. Ga wanda bai san shi ba, tikitin wata guda ne da za ka hau duk jiragen ƙasa na yanki a faɗin Jamus, waɗanda ake rubuta RE da RB a jikinsu, da S-Bahn na birni da kewaye da U-Bahn na ƙarƙashin ƙasa da taragon cikin gari da bas, iya son ranka. Masu gudun nan na dogon zango, ICE da IC da EC, babu su a ciki, ka hau ɗaya da shi tamkar ba ka da tikiti ne. Da keke nake zuwa aiki shi ya sa ban taɓa damuwa da shi ba sai yanzu. Na duba Bayern-Ticket ma, tikitin jihar Bavaria, na yini ɗaya ne, wajen Yuro 30 ga mutum ɗaya a lokacin, kuma a ranakun aiki sai ƙarfe 9 na safe yake fara aiki, to kwana uku ka ga ya haura 58 nesa ba kusa ba. In ku huɗu ne ko biyar shi ya fi sauƙi, amma ga gwauro irina lissafin a fili yake.

Abin da ya ja ni kudu maso gabas shi ne na gano tikitin yana kai mutum har babbar tashar Salzburg duk da tana cikin Ostiriya. Wato ƙasa biyu da kuɗi ɗaya. Na jira sai da bikin Oktoberfest na Munich ya watse ranar 5 ga wata, don lokacin nan jiragen Munich ba su shiguwa, sannan na tashi ranar Alhamis 9 ga wata da asuba. Augsburg zuwa Munich bai kai awa ɗaya ba, daga nan na kama mai zuwa Salzburg, kusan awa biyu, ta Rosenheim da Prien da Traunstein. Ka zauna ta hannun dama in ka samu, daga Rosenheim duwatsun Alps suke fara bayyana, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa da wani launi kamar na ƙunshi, shanu a kwance a cikin hazo. Wannan awa biyun kaɗai wallahi ta rage min zafin kuɗin.

Masauki ban kama a Salzburg ba, farashin da na gani a can ya fi ƙarfina. A Bad Reichenhall na sauka, ƙaramin gari ne a ɓangaren Jamus da aka san shi da gishiri tun zamanin da, yana kan layin da ya tashi daga Freilassing, tashar ƙarshe a Jamus kafin Salzburg, zuwa Berchtesgaden, don haka ko ta ina na nufa tikitina na aiki. Wannan ita ce dabarar da na fi jin daɗinta a duk tafiyar, jaka tana ɗaki ɗaya, kullum in fita da ƙaramar goyo in dawo. Akwai ɗan harajin baƙi da ake ƙarawa a kan kuɗin ɗaki kowane dare, ba yawa, amma kar ka ga an ƙara ka ɗauka cuta ce. Garin tsofaffi ne gaskiya, masu zuwa shan iska da jinya, ƙarfe 8 na dare ko'ina tsit. Ni hakan nake nema, wani kuwa zai ce an kawo shi maƙabarta.

Ranar farko a Freilassing na sha zama, jirginmu ya makara da 'yan mintuna, wanda zan canza ya tafi a kan idona, na zauna a benci iska na kaɗa ni. Da irin wannan tikitin ba abin da ka yi asara sai lokaci, na gaba kawai za ka hau, ba kamar tikitin da aka ɗaure da jirgi ɗaya ba. Amma ka sa a ranka zai faru, kar ka tsara yini kamar mai zuwa ɗaurin aure uku.

Juma'a na yi Königssee. Jirgi zuwa Berchtesgaden, sai bas daga bakin tasha zuwa tafkin, duka a cikin tikiti. Kwale-kwalen kan tafkin kuɗinsa daban ne, kuma na biya ba tare da na yi tsaki ba. Da lantarki suke tafiya tun 1909, ba ƙara ba hayaƙi, ruwan kore shar kana hango ƙasa a bakin gaɓa, duwatsu sun tsaya a miƙe ta kowane gefe. A tsakiyar hanya sai matuƙin ya tsayar, wani ma'aikaci ya ɗauko kakaki ya busa, dutse ya maido da sautin, kowa ya yi shiru. Ni dai sai da na tuna masu busa a ƙofar fada ranar hawan sallah. Mun sauka a St. Bartholomä, cocin nan mai jajayen ƙubbobi da ake gani a hotuna, bayansa dutsen Watzmann mai tsayin mita 2,713 kansa ya fara fari. Na sayi kifi mai hayaƙi na ci a bakin ruwa, na yi alwala da ruwan da ya kusa cire min yatsu, na haɗa azahar da la'asar ƙasaru a bayan wata bishiya. Ba wanda ya ko kalle ni.

Ga inda kaka take da nata sharaɗin. Rana tana faɗuwa wajen shida da rabi a lokacin, amma cikin kwarin nan tun kafin nan inuwar dutse ta rufe ka sanyi ya sauko. In ka bari sai bayan Lahadin ƙarshen Oktoba da ake maida agogo baya da awa ɗaya, biyar na yamma duhu ya kawo kai. Sannan in sanyi ya shigo sosai kwale-kwalen ba sa ƙarasawa can ƙarshen tafkin, a cocin suke juyowa. Don haka farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa ya fi, mutane sun ragu, launin ganye ya kai, kuma ba a rufe abubuwa ba tukuna.

Asabar Salzburg. Tikitin a tasha yake ƙarewa, bas ɗin cikin gari sai ka sayi nasu, ni da ƙafa na taka, minti 20 ne zuwa tsohon gari ta lambun Mirabell wanda shigarsa kyauta ce. Na haye kogin Salzach, na ratsa titin Getreidegasse inda gidan da aka haifi shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart a 1756 yake, cunkoso kamar Kantin Kwari ana jibi sallah, ban tsaya ba. Na hau ganuwar Hohensalzburg da ƙafa, an fara gina ta a 1077, ina haki ina tsayawa, daga sama kana ganin garin gaba ɗaya. Yini ɗaya ya ishe ni, da na kwana biyu a nan da na yi da-na-sanin kuɗina. Abinci kuwa shagunan Turkawa da ke kusa da tasha su suka rufa min asiri.

Ka ɗauki fasfo da katin zamanka, kar ka ce ai duk Turai ɗaya ce. Jamus na duba takardu a wannan iyakar tun 2015, da muke dawowa jami'ai sun shigo sun tambayi takardu, na miƙa suka duba suka ba ni, ko minti ɗaya ba a yi ba. Tikitin ma da sunanka yake, mai dubawa zai iya neman katin shaida. Kuma nawa a waya yake, sanyi na shan batir kamar me, ranar tafkin da yamma saura kashi 6 na shiga bas gabana na faɗuwa. Washegari ban fita ba sai da cajar tafi-da-gidanka.

Sai babban kuskurena, wanda ba laifin kowa ba ne sai nawa. Tikitin nan rajista ce mai sabunta kanta kowane wata, kuma wata na kalanda yake bi, ko ranar 25 ka saya ƙarshen wata ya ƙare. In ba ka son na gaba sai ka soke kafin 10 ga wata ta wuce. Na sani sarai, na karanta, na ce zan yi. To 10 ga wata ina kan ruwa ina sauraron kakaki. Sai farkon Nuwamba na ga wata Yuro 58 ɗin ta fita daga asusuna, na riƙe kai. In za ka saya don tafiya ɗaya, ka saya kafin 10 ga wata ta wuce ka soke a ranar da ka saya, zai ci gaba da aiki har ƙarshen watan.

A maki biyar na ba shi huɗu, ɗayan na cire ne saboda jinkiri da yawan canjin jirgi, mai son zuwa Hamburg daga nan da shi sai ya shirya yini guda a hanya. Na Nuwamban da na biya ba da niyya ba kuwa ban bar shi ya tafi a banza ba, na je Regensburg wata Asabar, na je Nürnberg wata, ruwan sama ya dake ni a duka biyun.