Firimiya shida na gani a Alberta, katin asibitina bai canza ba

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da Inna da su Hajiya. Ka ce in ba ka labarin yadda gwamnoninmu na nan lardin Alberta a Kanada suke. To, ba gwamna ake ce masa ba, firimiya ne, irin sunan kujerar Sardauna a zamanin Jihar Arewa. Kuma ba a kaɗa masa ƙuri'a kai tsaye. Kowa ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, kujeru 87 ne, shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru shi zai hau.

Tun saukata birnin Calgary a 2013 na ga firimiya shida, ku kuwa a Kano uku kuka gani: Kwankwaso, Ganduje, Abba. Na tarar da Alison Redford. A 2014 ta sauka saboda surutun kashe kuɗi, ciki har da kimanin dalar Kanada 45,000 na tafiya jana'izar Mandela. Ta mayar da kuɗin, amma hakan bai cece ta ba. Da na ji adadin sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin bas. Dave Hancock ya riƙe na 'yan watanni, Jim Prentice ya karɓa, sai zaɓen 2015 ya zo Rachel Notley ta jam'iyyar NDP ta kayar da jam'iyyar da ke mulki tun 1971. Jason Kenney ya kayar da ita a 2019. Shi kuma 'yan jam'iyyarsa ne suka auna shi da ƙuri'ar amincewa a 2022, ya samu kashi 51.4 cikin ɗari, ya ce bai isa ba, ya ajiye. Danielle Smith ta gaje shi.

Duk wannan hawa da saukar, katin asibitin da aka ba ni bai canza ba. 'Yar takarda ce, har ta fara yagewa a walat ɗina, babu hoton kowa a jiki, babu launin jam'iyya. Da irin wannan katin matata ta haihu sau biyu, ba mu biya ko sisi ba. Makarantar yara ma haka take, ba a sake mata suna ko fenti don sabon shugaba ya zo.

Amma kada ka ɗauka aljanna ce. Katin bai ɗauke maka kuɗin haƙori ba, maganin da likita ya rubuta ma sai ka saya in ba ka da inshorar wurin aiki, motar ɗaukar marasa lafiya kuwa takardar biya za ta biyo ka gida. Wani dare zazzaɓi ya kama ƙaraminmu, muka zauna a sashen gaggawa tun bayan isha'i har aka kusa asuba. A unguwarmu da tuni na buga ƙofar mai kemis ya ba ni magani. Ban ce hakan ya fi ba, amma a daren nan na yi kewarsa.

Inda ake jin canjin firimiya shi ne aljihu. Lokacin da Notley ta hau, mafi ƙarancin albashi dala 10.20 ne a awa, ta kai shi 15 a 2018. Ina aikin ɗaukar kaya a sito a lokacin, kuma shekarar ce kuɗin da nake turo wa Inna ya ƙaru, in ka tuna. Ta kuma sa harajin hayaƙi a kan mai da gas, Kenney na hawa ya soke shi da dokarsa ta farko. Abu ɗaya dai babu wanda ya yi gigin taɓawa: Alberta ba ta da harajin saye na lardi, kashi 5 na tarayya kawai ake ɗorawa. Duk da haka doya ɗaya a shagon 'yan Afirka sai ka juya ta sau biyu kafin ka kai ta wurin biya.

Jan ƙafa a aiki ma akwai. Layin jirgin cikin gari da ake kira Green Line, tun kafin a haifi babbar 'yata ake maganarsa, kowace gwamnati sai ta sake duba zanen. Wuta kuwa ba a ɗaukewa, amma a Janairun 2024, cikin sanyin da ya haura digiri 30 ƙasa da sifiri, wayoyinmu suka yi ƙara gaba ɗaya da daddare, ana roƙon mu rage amfani da lantarki don kada a fara rabon wuta. Na kashe fitilun falo ina cewa matata, ashe NEPA ta biyo mu.

In mutumin nan zai taho a watan gobe, a ba shi kuka, daddawa da yaji. Kilishi kam kada a saka, ba sa barin nama ya shigo.