Calçots ko Escalivada: Wanne Baƙo Zai Fara Ɗanɗanawa a Kataloniya?

Duka biyun gashi ne na kayan lambu, amma cinsu ya sha bamban.

Calçots wata doguwar albasa ce mai kama da lawashi, wadda manoman garin Valls da ke lardin Tarragona, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, ke yi wa huɗa har farin jikinta ya yi tsawo. Ana gasa ta a harshen wutar rassan inabi har bayanta ya ƙone ƙurmus, a naɗe ta a takardar jarida ta turaru. Da hannu ake ci. Ka zare baƙin ɓawon, ka tsoma farin cikin miyar tumatir da tafarnuwa da almon da man zaitun, ka ɗaga kai ka zura a baki. Hannu zai yi baƙi ƙirin, shi ya sa ake ɗaura wa mutum ƙyalle a ƙirji. Matsalarta ɗaya, tana da lokaci: daga sanyin hunturu zuwa wajajen Afrilu, kuma Valls na bikinta a Lahadin ƙarshe ta Janairu. Musulmi ya lura, naman da ke biyo bayanta yakan haɗa da botifarra, wadda da naman alade ake yinta. Sai a tambaya tukuna.

Escalivada kuwa ba ta da wannan hidima. Yalon turawa ne da jan tattasai da albasa, a gasa a garwashi, a ɓare, a yayyaga, a zuba man zaitun da gishiri. Ana samunta duk shekara a Basalona, sau da yawa a kan gasasshen burodi da ɗan kifi.

Ni dai, in tafiyarka ta faɗo a hunturu, calçots nake zaɓa maka, kuma ka je da abokai.