Wata biyu ina shan haɗin shayin wani dattijo na Kasuwar Kurmi

Ni ba baƙon teburin mai shayi ba ne. Tun ina sakandare shayi da burodi ne karin kumallona, amma ban taɓa sanin ganyen yana da ɗanɗanon kansa ba, domin sukari cokali huɗu da madarar gwangwani sun danne komai. Sai da likita ya ce in rage zaƙi na gane ashe ruwan zafi mai launi nake ta sha.

Maƙwabcina ne ya kwatanta min wani dattijo a Kurmi, wajen masu kayan ƙamshi. Ba ya dafa shayi, ganyen kawai yake haɗa wa mutum. Kafin ya buɗe gwangwani ko ɗaya sai da ya titsiye ni da tambaya: "Malam, da madara kake sha ko baƙi? Da safe ko bayan la'asar? Cikinka yana son citta?" Na ce, "Baba, ni dai shayi na zo saye." Ya yi dariya, ya ce ai duk mai zuwa haka yake faɗa.

Haɗi uku na taho da su, ƙulli-ƙulli.

Na safe shi ne ya fi karɓata, kuma a kansa na fahimci sana'ar. Ginshiƙinsa ganyen Kenya ne, irin wanda inji ke murƙushewa ya zama ƙanana kamar tsakin gero. Shi ke ba da jan launi da ƙarfi cikin minti biyu, amma in shi kaɗai ne sai ya bar bauri a harshe. Don haka ya ƙara ganyen Assam, wanda ake nomawa a kwarin kogin Brahmaputra a arewa maso gabashin Indiya, mai kauri a baki, mai iya ɗaukar madara ba tare da ya ɓace a cikinta ba. Sannan ya barbaɗa ɗan ganyen Mambila na jihar Taraba, namu na gida. Citta da girfa kaɗan ya sa, kanumfari kuwa ƙirgawa ya yi da yatsa. Da na ce ya ƙara citta, sai ya ce in dai citta ce ta fara gaishe ka a kofi, to mai haɗin ɓoye wani abu yake yi. Na tuna shayin da ake ba mu a wasu majalisu, wanda yaji ke sa mutum gumi, na yi shiru.

Da na koma bayan sati uku, buhun Kenya da yake amfani da shi ya ƙare, sabon kuma ya fi ɗaci. Ina kallo ya shinshina, ya jiƙa kaɗan a kofin gilashi, ya rage shi, ya ƙara Assam. Na zo gida na dafa, ban ji bambanci da na farko ba. A wurina wannan ne abin da na biya kuɗi a kai, domin ganye kowa yana iya saye a Singa.

Na biyu na ataya ne: koren ganyen Sin da ake nannaɗewa kamar ƙwayar harsashi, da busasshiyar na'a-na'a. Yana da kyau, amma bai wuce wanda Buzaye masu gadi ke dafawa a layinmu ba. Tafasa uku suke yi, ta farko da ɗaci, ta ƙarshe da zaƙi, kuma hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Na uku ne ya jawo min magana a gida. Akwai wani baƙin shayi da ake kira Lapsang, daga duwatsun Wuyi na lardin Fujian a ƙasar Sin, wanda ake busarwa a kan hayaƙin itace. Dattijon ya sa ɗan kaɗan a cikin ganyen Silon, wato Sri Lanka ta yanzu. Uwargida na buɗe ƙullin ta ce wa ya kawo banda cikin gwangwanin shayi. Gaskiyarta, kofin farko kamar ka sha ruwan da ya kwana kusa da murhu. Sai a kofi na huɗu ko na biyar, da sanyin asuba, na fara jin wani ɗan zaƙi a bayan hayaƙin. Wani abokin aikina mazaunin Sabon Gari, wanda ba Musulmi ba ne, ya kurɓa ya ce ya tuna masa da wiskin tsibirin Islay na Sikotlan, inda ake busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasa mai ci da wuta. Ya ce a can ma sana'a ce guda: a haɗa na tukwane daban-daban, bayan kowanne ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako kamar yadda dokarsu ta tanada, kuma da hanci masu haɗin suka fi aiki. Na ce to, mu Allah ya raba mu da wannan, hancin Baba na Kurmi ya ishe mu.

Inda zan yi ƙorafi shi ne ƙunshi. A farar leda yake ƙulla komai, kuma ganyen shayi yana jan warin duk abin da ke kusa da shi. Na ajiye ƙullin ukun a kwaba ɗaya, cikin kwana goma na ataya ya koma warin hayaƙi da kanumfari, dole na zubar da rabi. Ba ya kuma rubuta komai, duk awon a kansa yake. Ranar da na tarar da yaronsa a shagon, abin da ya haɗa min bai kama ƙafar na uban ba, citta ta yi yawa.

Yanzu da kwalabena uku masu murfi nake zuwa, kuma sai na leƙa na ga farar hular dattijon kafin in shiga. Mai hayaƙin ban sake saye ba. Ragowar kuwa, surukina ne ya tafi da ita, shi ya ce ta yi masa.