Zariya zuwa Legas: ta Kaduna ko ta Kano?

Hajiya, kin ce ana neman ɗanki a Legas ranar Litinin da safe don ganawar ɗaukar aiki, kina tambaya ko a Kaduna zai hau jirgi ko a Kano. Filin jirginmu na Palladan a nan Zariya dai a cire shi a lissafi. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne da aka kafa a 1964, kuma ƙananan jiragen nan da ke shawagi a kanmu ɗalibai ne ke koyo.

A sama, daga filin Kaduna zuwa Legas kusan kilomita 635 ne, daga na Malam Aminu Kano kuwa kusan 835. Ratar kilomita 200 ke nan, wadda jirgi mai gudun kilomita 800 a awa yake cinyewa cikin minti 15. Na Kaduna awa ɗaya da 'yan mintuna, na Kano wajen awa ɗaya da rabi. Kafin mutum ya gama shan ruwan da aka miƙo masa, bambancin ya ƙare, don haka kada wannan ya dame ki.

Daga Kwangila, inda ake hawa mota a Zariya, ya kamata a fara ƙirga. Zuwa Kaduna kilomita 80 ne ko kusa da haka: Jaji, Mararrabar Jos, Rigachikun, Kawo, sai a karya ta Mando, domin filin yana can bayan gari. Motar haya a Kawo za ta sauke shi, daga nan sai ya ɗauki shata. Kano kuwa ta kusa ninka wannan nisan, ta Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura, sannan ga cunkoson Na'ibawa, ga ratsa gari kafin a kai filin. Abin dariyar ma, wanda ya tafi Kano baya ya koma, don jirgin zai sake ɗauko shi ya yi kudu da shi ta gefen inda ya baro.

In nisa ne kawai, Kaduna ta yi nasara. Inda Kano ta fi ta shi ne yawan jirage. Wata shekara da hunturu na isa Kaduna tun hantsi, hazo ya rufe ko'ina, ko bishiyoyin bakin filin ba a gani sosai. Muka zauna jugum, jaka a tsakanin ƙafafu, har muka yi la'asar a nan, sannan kamfanin ya ce an soke tashi. Babu wani jirgin da zan koma, haka na juyo Zariya da dare. A Kano, in wannan ya fasa, sau da yawa akan samu na wani kamfanin, ko da kuɗin ya ƙaru. Hazon dai ba ya barin Kano ita ma.

Da ɗana ne, Hajiya, ta Kaduna zan tura shi, amma ranar Asabar. In an soke, yana da Lahadi a hannu, ya kama hanyar Kano da asuba. Ya isa filin aƙalla awa ɗaya kafin tashi, katin shaidarsa a aljihu, sunan da ke jiki kuma ya zo daidai da na tikiti.